Yaya ake koya wa 'yan JSS su can da must su iya aiki da su, ba hadda kawai ba?

Malamar JSS2: Assalamu alaikum malamai, barkanmu da yamma. Don Allah shawara nake nema. Sikim ɗin zangon nan, wato jadawalin darussa, ya kawo ni kan modal verbs, wato su can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Yaran sun haddace guda taran nan tsaf, in ka ce su lissafo sai su rera maka kamar karatun allo, amma da na ba su aikin gida na ce kowa ya yi jimla da su, abin da na gani sai dai Innalillahi. I will can come. She cans cook. We must to pray. Kuma ba yaro ɗaya ko biyu ba ne, kusan rabin ajin. Firiyod biyu kacal aka ware wa darasin, sati mai zuwa dole in wuce gaba. Ku da kuka daɗe a harkar ya kuke yi?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Malama. I will can come ɗin nan ni ba na ganin laifin yaro, ai tunani ya yi. "Zan iya zuwa" ya ɗauko daga kansa ya jera, za ta zama will, iya ta zama can. A Hausa daidai ne ka haɗa su, Turanci ne bai yarda biyu su zauna waje ɗaya ba. In ba a faɗa masa haka ƙarara ba har ya gama SS3 yana yi.

Ɗan TP (mai gwajin koyarwa): Wlh ko a kwaleji akwai masu cewa I can be able to, har da manya masu digiri

Baba Mai Ritaya: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Kuskure ukun da kika kawo duk na ƙira ne, ba na ma'ana ba, kuma su ne masu sauƙin gyara. Ƙa'idar kaɗan ce. Waɗannan kalmomi ba sa ɗaukar s ko da he ko she ne a gaba, aikatau ɗin da ke biye musu tsirara yake zuwa ba to ba ing ba ed, ba sa neman do wajen tambaya ko korewa, sai dai su dawo gaba da kansu, Can you swim, kuma biyu ba sa haɗuwa. In ana son a ce za a iya, sai a aro be able to, I will be able to come. Haka must ba ta da shuɗaɗɗen lokaci, had to ake cewa. Ki rubuta wannan a gefen allo kada a goge har sati ya ƙare, kullum da safe minti biyar su maimaita. Mu da haka aka koya mana, da maimaici da jan biro, kuma ga shi har yau ba mu manta ba.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba, amma ai maimaicin ne ya kawo su inda suke yanzu. Sun haddace tara, ba su iya ko ɗaya ba. Ni a ganina a fara da abin da yaro yake son faɗa. Ɗan shekara 12 a Kano ya san bambancin "dole ka je" da "ya kamata ka je" da "ƙila in je" tun kafin ya sa yunifom, uwarsa kullum tana faɗa masa. Ma'anar tana kansa, sunanta na Turanci kawai ya rasa. Ni layi nake ja a tsakiyar allo, hagu in rubuta iya, dole, ya kamata, ƙila, za, kada, dama kuma su can, must, should, may, will, must not, sai mu yi ta kawo jimloli daga gida da kasuwa. Ƙa'idar da Baba ya faɗa sai ta biyo baya, lokacin sun san me suke ƙoƙarin gyarawa.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, in ka saba musu da fassara ba za su taɓa yin tunani da Turanci ba. Ai kai da bakinka ka ce fassara ce ta haifi will can.

Ɗan Fagge: Fassarar da yake yi a ɓoye shi kaɗai ce ta haife ta Baba. Ko ka hana ko ka bari yana yi a ransa. Gara a fito da ita fili a nuna masa inda harsunan biyu suka yi daidai da inda suka rabu.

Malamar JSS2: To ni matsalata kenan, makarantar kuɗi ce, an hana Hausa a aji, har tara ake cin yara in monita ya rubuta sunansu. Ni kaina in mai makarantar ya wuce ta taga ya ji ina cewa "ya kamata" sai na je ofis

Ɗan TP: Ba gwamnati ta ce a koyar da harshen uwa ba?

Mai Makin: Tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022 lokacin Adamu Adamu yana ministan ilimi ya fi shafar firamare ne, kuma an soke shi a 2025, don haka kada Malama ta je ta kafa hujja da shi a gaban mai makaranta. JSS da Turanci ake koyarwa, manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu, ma da Turanci take. Amma ni ban ga illar minti biyar na Hausa a darasi na minti 40 ba, in dai sauran lokacin yara ne ke magana da Turanci ba malami ba. Abin da ya fi damuna malamin da zai cinye firiyod gaba ɗaya yana bayani da Turanci mai kyau, yaro ko ɗaya bai buɗe baki ba, a tashi a ce an koyar.

Malamin Islamiyya: Ku ba ni dama in sa baki duk da ni Turancin nawa na NCE ne. Da safe ina koyar da JSS1, da yamma Islamiyya, kuma yawanci yaran guda ne. Abin da na lura, yaron da ya kasa bambance must da should da safe, shi ne da yamma zai jero maka wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi, haram, ya ba ka misalin kowanne ba gargada. Sai na ɗauko masa tsanin nan. Must a sama wajen wajibi, should wajen abin da ake so a yi amma ba a kama ka in ka bari, may a tsakiya, an ba ka zaɓi, should not wajen abin da barinsa ya fi, must not a ƙasa, an hana kwata-kwata. Na ce su sa dokokin makaranta a kan tsanin. You must wear your uniform. You should greet your teachers. You may bring food. You must not fight. Sai ga musu ya kaure a ajin, wasu sun ce gaisuwa must ce, wasu sun ce should ce tunda ba a korar mutum a kanta, wata yarinya ta ce a gidansu dai must ce don kakarta ba ta wasa. Da Turanci suke musun, gurgu-gurgu dai amma Turanci ne.

Ɗan Fagge: Kai Malam, Allah ya saka da alheri, wannan zan sata gobe-goben nan

Baba Mai Ritaya: Dabara ce mai kyau Malam, amma a yi hattara. Hukuncin shari'a abu ne tsayayye, should kuwa tana tafiya da bakin mai magana. In hedimasta ya ce maka You should see me in my office, ba mustahabbi ba ne, tashi za ka yi ka tafi.

Malamin Islamiyya: Gaskiya ne Baba, ina faɗa musu cewa tsani ne na ganewa kawai, ba fatawa muke ba.

Antin Sabon Gari: Sannunku. Ni ajina gauraye ne, akwai Hausawa, akwai Ibo da Yarbawa da 'yan kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista, don haka tsanin Malam ba zai yi min aiki kai tsaye ba, rabin ajin ba su san makaruhi ba. Ni titi nake amfani da shi tunda kowa na shiga adaidaita sahu kuma kowa ya san 'yan KAROTA masu kula da titi a Kano. Ja a danja, you must stop. Hannun da ba naka ba, you must not follow. Sai tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wannan ma kowa ya san ba a fita da safe. Kuma ku sani matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce, nawa yaran Pidgin ke ja, I go fit come, shi ma ɗin dai za da iya ne a jere, ƙarshenta will can ɗin muke samu ni da Malama.

Akwai wanda ya yi min daɗi kwanaki wajen could ta da. Na ce su tambayi iyayensu abin da ake iya yi a Kano a da wanda yanzu ba a yi. Da yawa suka dawo da zancen acaɓa, tunda a 2013 aka hana goyo a babur na haya, su kuma lokacin wasu ba a ma haife su ba. Before 2013 people could take achaba to Kwari market. Jimla mai kyau, daga bakin uban yaro ta fito.

Malamar JSS2: Anti wannan na titi zai yi min, ba Hausa a ciki balle a kira ni ofis. Amma ya kike yi da must not da don't have to? Nawa sun ɗauka abu ɗaya ne

Antin Sabon Gari: Hmm wannan kam ko malamai na faɗawa ciki

Ɗan Fagge: Nan ne fa Hausa ke yanke magana cikin sakan goma. "Kada ka zo" da "ba sai ka zo ba". Wane yaro ne a garin nan bai san bambancinsu ba? Na farko must not, an hana ka. Na biyu don't have to ko need not, in ka so ka zo in ka so ka zauna. Abin da ke ruɗa su shi ne must da have to kusan ɗaya suke in ba korewa, sai su zaci in an kore su ma ɗaya ne. Malama ki rufe taga ki faɗa musu da Hausa sau ɗaya kawai, wlh an gama

Mai Makin: Ko ba Hausa ma ana yi. Ranar Asabar you don't have to wear uniform, in ka ga dama ka sa ba mai kama ka. A ɗakin jarrabawa you must not talk. Ki tambaye su, wanne ne in ka yi za a hukunta ka?

Uwar Yara: Malamai ku yi haƙuri ni ba malama ba ce, an sa ni a gurup ɗin ne ta PTA. Ɗana ya dawo jiya ransa a ɓace, wai ya ce Can I go out malamin ya ce masa ai yana da ƙafa zai iya, amma ba zai fita ba sai ya ce May I. Yara suka yi ta masa dariya. Ni kuma a finafinai can I nake ji suna cewa. Wa ke da gaskiya?

Baba Mai Ritaya: Hajiya, malamin yana da hujja. May ta neman izini ce, can ta iyawa ce, haka aka koya mana, kuma may ta fi ladabi a gaban babba.

Mai Makin: Ranka ya daɗe may ta fi ladabi, wannan ba musu. Amma Can I go out ba kuskure ba ne, Turawan Ingila da Amurka haka suke neman izini kullum, ƙamus ma ya ba can wannan ma'anar. Abin da ya kamata a nuna wa yaro shi ne mataki-mataki, can ga aboki, could ko may ga babba. Ba'ar da aka yi masa kuwa ni ita ce ba ta yi min ba, yaron da aka yi wa dariya don ya gwada Turanci gobe shiru zai yi, kuma mu shirun nan ne babban abin da muke fama da shi.

Uwar Yara: Allah ya saka Malam, haka na ce wa babansa

Ɗan TP: Ni tambayata could da would. An ce mana shuɗaɗɗen can da will ne, to me ya sa ake cewa Could you help me alhali yanzu nake son taimakon?

Ɗan Fagge: Ƙanina a nan littattafai da yawa ke jefa yara a rami, su yi teburi can could, will would, may might, shall should, su rubuta na da a saman layi na biyu, shike nan. Eh suna zama na da, musamman in ana ba da labarin abin da wani ya faɗa, He said he would come. Amma yawancin aikinsu a bakin mutane tausasa magana ne ko nesanta ta. Mu ma muna yi ai. "Ba ni biro" daban, "ko za ka ɗan ara min biro" daban. Har "da" muke sawa, "da za ka taimaka min da na ji daɗi", kuma ba jiya muke nufi ba. Shi ya sa I would like ta fi I will like da mutanenmu ke yawan rubutawa a wasiƙa. Should kuwa manta da cewa ta da ce, You should rest yau ake nufi.

Baba Mai Ritaya: Wannan na yarda da kai. Amma shall fa kada ku jefar da ita.

Antin Sabon Gari: Baba ni shall jimla biyu nake ba ta, Shall I clean the board da Shall we go, sai in ce za su gamu da ita a takardun doka da tsarin mulki inda take nufin tilas. Fiye da haka ɓata lokaci ne a JSS

Malamar JSS2: Akwai guda da ban ma san ta inda zan fara ba. He must be at home. Sun riga sun san must dole ce, sai suka ce wai an tilasta masa zaman gida

Malamin Islamiyya: Nan kam tsanina bai kai ba, gaskiya

Antin Sabon Gari: Malama wannan wasa nake yi da shi, kuma shi ne darasin da yarana suka fi so. Ki samo kwalin takalmi ki sa abu a ciki ki ɗaure da kyauro. Na ƙarshe ƙosai na saya a bakin get na sa a ciki da ledarsa. Da farko kwalin na kan tebur ba mai taɓawa, me ke ciki? It may be a phone, it might be chalk, kowa na harbi a duhu. Sai na ba na layin gaba ya ɗaga ya girgiza, ba ƙara, ba nauyi. It can't be a stone. It can't be a phone. Sai na ce wata ta sa tafin hannu a ƙasan kwalin, ta ce Aunty it is warm, ga mai ya fara ɓullowa ta kusurwa ya yi tabo. Wani daga can baya ya miƙe bai ko ɗaga hannu ba, It must be ƙosai! Ajin ya tarwatse da dariya. Sai a lokacin na je allo na rubuta might a ƙasa, must a sama, can't a ɗaya gefen, na tambaye su wa ya tilasta wa ƙosai shiga kwali? Ba kowa. To wannan must ɗin ta tabbaci ce, hujja ta taru. Kuma ki lura kishiyarta can't ce ba must not ba, wannan sai kin nanata.

Ɗan Fagge: "Lallai ƙosai ne", "ba yadda za a yi ya zama waya". Ga su nan a Hausa. Ko ka ga takalman mutum a ƙofar zaure ka ce lallai yana ciki

Ɗan TP: Anti wa ya ci ƙosan daga ƙarshe

Antin Sabon Gari: Wanda ya canka mana, da sharaɗin ya roƙa da May I

Mai Makin: Duk na ji kuma na yaba, amma bari in ɓata muku rai kaɗan. Yaran nan jarrabawar BECE ke jiransu a ƙarshen JSS3, gaba kuma WAEC ko NECO inda in ba kiredit a Turanci ba jami'a, ga JAMB da Turanci dole ne ga kowa. A takarda ba kwali ba ƙosai, layi ne da gurbi da zaɓi A zuwa D, You had a long journey, you dash be tired. Sai kuma 'yar wutsiyar tambaya, She can swim, can't she, da won't wadda yara ke rubuta willn't, da cannot da ake haɗewa kalma ɗaya. Ga rubutu, l ɗin da ke cikin could, should, would ba a furta ta amma in ka bar ta a insha'i jan biro ne. Wannan duk sai da maimaicin da Baba ke faɗa. Don haka a yi wasan, amma minti goma na ƙarshe kowa ya buɗe littafi ya rubuta.

Baba Mai Ritaya: Madalla, ashe dai ina da magoyi

Ɗan Fagge: Ba wanda ya ce kada a rubuta Baba, a kan wanda za a fara da shi muka saɓa. Kuma ni nawa ajin na gwamnati ne, ko bayan dokar ta-ɓaci da aka ayyana kan ilimi a Kano a 2024 yawan yara bai ragu ba, in na ce kowa ya rubuta jimla goma in duba sai in kwana ina makin. Layi-layi nake raba su, kowane layi ya fitar da jimla uku a takarda ɗaya, layin kusa ya duba musu da ƙa'idojin gefen allo, ni in zagaya in raba gardama.

Malamar JSS2: Na gode ƙwarai malamai, Allah ya bar zumunci. Amma fa har yanzu firiyod biyu ne da ni, kuma abin da kuka zubo ya fi ƙarfin wata guda. Tunanina na farko in yi can, must, should da dokokin titi da na makaranta, na biyu in yi kwali da may, might, must, ƙa'idar Baba tana gefen allo. Could da would na ladabi sai in bari sai mun zo wasiƙa.

Baba Mai Ritaya: Ought to fa 'yata? Ita kaɗai ke tafiya da to, in ba ki ware ta ba za su ce kin yi musu ƙarya ranar da suka gan ta.

Ɗan Fagge: Baba a bar ta sai JSS3, yanzu muke roƙonsu su daina must to

Mai Makin: Tana iya fitowa a jarrabawa fa

Antin Sabon Gari: Malama ki fara duba sikim ɗinku ko tana ciki, in tana ciki ki ba ta layi ɗaya a ƙarƙashin should ki ce 'yar'uwarta ce. Kuma in za ki yi kwalin ki sa leda biyu, ni mai ya ɓata min rajista